Ƙuri'ar raba gardama a jihohin Amurka: wasan da ake ci tun kafin ranar zaɓe

Ranar 5 ga Nuwamba 2024 an yi wa masu zaɓe a Florida da Missouri tambaya kusan iri ɗaya: shin a rubuta 'yancin zubar da ciki a cikin kundin tsarin mulkin jiha? A Florida kashi 57 cikin ɗari suka ce e, amma gyaran ya faɗi. A Missouri waɗanda suka ce e ba su cika kashi 52 ba, gyaran ya wuce. Babu maguɗi a ko ɗaya. Dokar Florida ce ta ce sai an samu kashi 60 kafin a taɓa tsarin mulkinta, ita kuwa Missouri rinjaye kawai take nema, ko da na ƙuri'a ɗaya ne. Abin dariyar shi ne, wannan sharaɗi na kashi 60 da Florida ta kafa a 2006 shi kansa bai samu kashi 58 ba ranar da aka amince da shi.

Duk mai son fahimtar siyasar jihohin Amurka a shekarar zaɓe, sai ya fara da irin wannan lissafi. Ra'ayin jama'a yana da nauyi, amma ƙa'idojin da ke tsakanin ra'ayin da zamansa doka su ne filin dagar, kuma 'yan siyasar jihohi sun daɗe da gane haka.

A ƙasashenmu ƙuri'ar raba gardama daga sama take saukowa. Ta 1961 da ta haɗa Arewacin Kamaru da Najeriya, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta shirya ta. Ta tazarce da aka yi a Nijar ranar 4 ga Agusta 2009, Shugaba Mamadou Tandja ne ya kira ta. Mai mulki shi ke zaɓen tambaya, shi ke zaɓen rana. Amurka kuwa a matakin tarayya ba ta yin wannan ƙuri'a sam. Ba a taɓa tambayar Amurkawa baki ɗaya e ko a'a a kan wata doka ba. A jihohi ne abin yake, kuma ta ƙofa uku yake shigowa. Majalisar dokokin jiha tana iya miƙa wa jama'a batu. Duk jihohi in ban da Delaware dole su yi haka idan za a gyara tsarin mulki. A jihohi 24 kuma talakawa da kansu na iya rubuta doka, su tara sa hannu, su ɗora ta a kan takardar zaɓe ba tare da yardar majalisa ba, kuma a 18 daga cikinsu har tsarin mulkin ake iya gyarawa ta wannan hanya. Ƙofa ta uku ita ce ta ƙin amincewa: majalisa ta yi doka, jama'a su tara sa hannu a kai ta gaban masu zaɓe su ƙi ko su yarda.

South Dakota ce ta fara buɗe wa talakawa ƙofar a 1898, Oregon ta buɗe tata a 1902, Kalifoniya a 1911, lokacin da ake kukan cewa kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya sa majalisar jihar a aljihu. Galibin jihohin da ke da tsarin na yammacin ƙasar ne. Texas, Georgia, Pennsylvania, Wisconsin, New York da North Carolina ba su da shi, don haka duk yadda jama'a suka matsu a can, sai abin da majalisa ta ga dama.

Shawarar farko da masu neman sauyi ke yankewa ita ce: doka za su rubuta, ko gyaran tsarin mulki? Doka ta fi sauƙin kaiwa ga takardar zaɓe, amma a jihohi da yawa majalisa na iya goge ta washegari. A 2024 mutanen Missouri, kusan kashi 58 cikin ɗari, suka amince da dokar ƙarin mafi ƙarancin albashi da ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashinsa. A 2025 majalisa ta soke ɓangaren hutun, Gwamna Mike Kehoe ya sa hannu. Da a tsarin mulki aka rubuta shi, da ba su iya ba. Arizona ta toshe wannan kafa tun 1998: dokar da jama'a suka yi, majalisa ba ta taɓa ta sai da kashi uku cikin huɗu na 'ya'yanta, kuma sai in gyaran zai ƙarfafa manufar dokar ne. Shi ya sa ƙungiyoyi masu kuɗi ke gwammace wahalar gyaran tsarin mulki.

Wahalar kuwa tana farawa ne daga tara sa hannu, kuma a nan yawancin yunƙuri ke mutuwa ba tare da kowa ya ji labarinsu ba. Ana lissafa adadin da ake bukata daga yawan ƙuri'un zaɓen da ya gabata. Kalifoniya na neman kashi 8 na ƙuri'un zaɓen gwamna don gyaran tsarin mulki, kashi 5 don doka. A zangon 2024 hakan ya kama 874,641 da 546,651, kuma cikin kwana 180 za a tara su. Florida na neman kashi 8 na ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa, wato 891,523 a 2024, sannan sai an cika ƙa'idar a rabin mazaɓun majalisar wakilai 28 na jihar. Ohio na neman kashi 10, kuma sai an samo wani kaso daga gundumomi 44 cikin 88. Wannan sharaɗi na rarrabawa ya fi adadin kansa ciwo. Tsayawa bakin kanti a Cleveland ko Miami a tara dubu a yini ba wuya ba ne. Aika mutane ƙauyukan da gida ke nesa da gida shi ke cin kuɗi da lokaci.

Kuma ba duk sa hannun da aka tara ke ƙirguwa ba. A 2023 masu neman gyaran zubar da ciki a Ohio sun miƙa kimanin 710,000, aka tantance kimanin 496,000, alhali ana bukatar sama da 413,000 kaɗan. Wato uku cikin kowane goma sun zube. Dalilan ba su da yawa: mutum bai yi rajistar zaɓe ba, ko ya sauya gida adireshinsa bai dace da na rajista ba, ko ya sa hannu sau biyu, ko ya sa a takardar wata gunduma da ba tasa ba, ko mai yawo da takardar ya yi kuskure a rantsuwar da yake rubutawa a ƙasanta, wanda kan iya kashe shafin gaba ɗaya. Saboda haka ƙwararru ke ɗora burinsu a kan ninki ɗaya da rabi na abin da doka ta nema, ko fiye. A Kalifoniya ba a bin sunaye ɗaya bayan ɗaya tun farko. Jami'an gundumomi na ɗibar samfurin kashi 3 su duba. In lissafi ya nuna an haura kashi 110 na abin da ake bukata, batu ya shiga. In ya gaza kashi 95, ya mutu. In ya faɗa tsakani, sai a ƙirga duka, abin da kan iya cinye makonnin da babu su.

Masu aikin sa kai kaɗai ba kasafai suke iya wannan ba. Tun 1988 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Meyer da Grant, ta hana jihohi haramta biyan masu tara sa hannu, don haka aka samu kamfanonin da sana'arsu ke nan. A babbar jiha, kai batu ga takardar zaɓe kaɗai yana cin miliyoyin daloli kafin a buga talla ko guda. Tsarin da aka ƙirƙira don talaka ya tsallake masu kuɗi ya koma hanyar da sai mai kuɗi ke iya bi.

Ko an tara, da sauran rina a kaba. A Arkansas a 2024 masu neman sassauta dokar zubar da ciki sun miƙa sama da 101,000, ana bukatar 90,704. Sakataren jiha John Thurston ya ce ba su haɗa da wata takarda da ke shaida cewa an horar da ma'aikatansu na haya ba. Aka zubar da duk abin da na hayar suka tara, kimanin 14,000, sai adadin ya gaza. Kotun ƙolin jihar ta goyi bayansa da alƙalai huɗu a kan uku. A Michigan a 2022 an miƙa sama da 753,000, ana bukatar 425,059, amma hukumar tantancewa mai mutum huɗu ta rabu biyu da biyu saboda a wasu layukan takardar kalmomi sun manne da juna babu tazara. Sai da kotun ƙolin jihar ta ba da umarni kafin batun ya shiga, ya kuma samu kusan kashi 57. Na Mississippi ya fi ban mamaki. Tsarin mulkinta ya ce a tara sa hannu daidai wa daida daga mazaɓu biyar, amma bayan ƙidayar 2000 mazaɓun jihar sun koma huɗu, ba wanda ya gyara rubutun. A Mayu 2021 kotun ƙoli ta ce tunda mazaɓa ta biyar babu ita, ba yadda za a cika sharaɗin. Ta soke dokar tabar wiwi ta magani da jama'a suka amince da ita a 2020, ta kuma rufe ƙofar baki ɗaya. Shekaru suka shuɗe majalisa ba ta sake buɗe ta ba.

Akwai kuma ƙa'idar batu ɗaya. Jihohi da dama sun hana a cusa abubuwa biyu a tambaya guda. Da ita kotun ƙolin South Dakota ta rushe gyaran halatta tabar wiwi a 2021, bayan kashi 54 sun amince da shi.

Sai maganar wanda ke rubuta tambayar. Mai zaɓe ba ya karanta doka mai shafi ashirin a rumfar zaɓe. Taƙaitaccen bayanin da ke kan takarda yake gani, kuma sau da yawa ɗan siyasar da ke adawa da batun ne ke rubuta shi. A Ohio wani kwamiti mai mutum biyar ne ke wannan aiki, sakataren jiha ke jagorantarsa. A 2023, ƙarƙashin Frank LaRose, kwamitin ya cire kalmar "tayi" daga bayanin gyaran zubar da ciki ya sa "jaririn da ba a haifa ba". A 2024 aka kawo shawarar ƙwace shata mazaɓu daga hannun 'yan siyasa a miƙa wa hukumar talakawa, don hana yanka mazaɓu yadda zai fifita jam'iyya ɗaya. Kwamitin ya rubuta bayanin da ke cewa sabuwar hukumar dole za ta yi irin wannan yankan son rai. Kotu ta bar mafi yawan rubutun yadda yake, batun ya faɗi da kimanin kashi 54 masu cewa a'a. Ba za a iya rantsuwa cewa rubutun kaɗai ya kayar da shi ba, amma wanda ya je rumfa da niyyar hana maguɗin shata mazaɓu, ya karanta wannan bayani, yana da dalilin dangwala a'a.

Majalisu na da wata dabara idan su ne ke kawo batun: su lulluɓe maɗaci da zuma. A 2024 majalisar Missouri na son haramta tsarin zaɓen da mai ƙuri'a ke jera 'yan takara bisa fifiko. Sai ta buɗe tambayar da cewa 'yan ƙasa kaɗai za su yi zaɓe, abin da dama can haka doka take. Ya wuce cikin sauƙi.

Ranar da aka sa ma makami ce. 'Yan majalisar Kansas sun ɗora tambayarsu ta cire kariyar zubar da ciki a kan zaɓen fid da gwani na Agusta 2022, lokacin da 'yan Republican suka fi fita, marasa jam'iyya kuma ba su da abin zaɓa. Lissafin ya kife, domin makonni kaɗan kafin nan Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe da Wade, wanda ya kare 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar: sama da mutum 900,000 suka fito, kashi 59 suka ce a'a. Ohio ta gwada makamancin haka. Majalisarta ba ta daɗe da soke yawancin zaɓukan watan Agusta ba, bisa hujjar tsada da ƙarancin fitowa, sai ga ta ta kira ɗaya a Agusta 2023 don ɗaga sharaɗin gyaran tsarin mulki zuwa kashi 60, da tilasta tara sa hannu daga duk gundumomi 88, da soke kwana goman da ake bayarwa don cike giɓi. Kashi 57 suka ƙi. Wata uku bayan haka gyaran zubar da ciki ya samu kusan kashi 57. Da na Agusta ya wuce, da na Nuwamba ya faɗi kamar na Florida, kuma kowa a jihar ya san dalilin gaggawar ke nan.

Kuɗin kamfe ba shi da linzami a nan. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli na 1978 da 1981 sun ce ba a ƙayyade abin da kamfani ko mutum zai zuba a kan ƙuri'ar raba gardama, bisa hujjar cewa batu ba ɗan takara ba ne da za a saye shi. A 2020 Uber, Lyft, DoorDash da abokansu sun kashe sama da dala miliyan 200 a Kalifoniya don kada a ɗauki direbobinsu a matsayin cikakkun ma'aikata, suka yi nasara da kimanin kashi 59. Amma a 2022 kamfanonin caca ta intanet da ƙabilun asali masu gidajen caca sun zuba sama da dala miliyan 400 suna yaƙar juna a kan batutuwa biyu, duka suka faɗi, na kamfanonin ko kashi 20 bai samu ba. Darasin da masu wannan sana'a suka ɗauka shi ne a'a ta fi e arahar saye: mai zaɓen da aka rikita yakan bar abu yadda yake. Daga nan ne dabarar kawo kishiyar tambaya ta samo asali. A Nebraska a 2024 tambayoyi biyu masu karo da juna kan zubar da ciki suka hau takarda ɗaya. Wadda ke tabbatar da haramci bayan watanni ukun farko ta samu kashi 55, ɗayar ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan.

Tambayar da 'yan jam'iyya suka fi damuwa da ita dabam ce: shin batu mai zafi yana jawo wa ɗan takara ƙuri'a? Tun 2004 ake wannan gardama, shekarar da jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar haramta auren jinsi a rana ɗaya da zaɓen shugaban ƙasa, George W. Bush kuma ya ci Ohio da tazarar kimanin 118,000. 'Yan Democrat sun sa rai zubar da ciki zai yi musu irin wannan aiki a 2024. Bai yi ba. A Arizona gyaran ya haura kashi 60, Donald Trump ya ci jihar. A Montana ya samu kusan kashi 58, Sanata Jon Tester na Democrat ya sha kaye. A Missouri ya wuce, Sanata Josh Hawley mai adawa da shi ya koma kujerarsa. Tun 2020 an ga alamar haka a Florida, inda albashin dala 15 a awa ya samu kusan kashi 61 a ranar da Trump ya ci jihar. A ganina abin da ke faruwa a fili yake: tambayar tana ba mai zaɓe damar raba batu da jam'iyya. Ya kare abin da ya dame shi da hannu ɗaya, ya zaɓi jam'iyyarsa da ɗaya hannun, hankalinsa kwance. Ta haka ne faɗaɗa inshorar lafiya ta Medicaid ga masu ƙaramin ƙarfi ya wuce a Idaho, Utah, Nebraska, Oklahoma, Missouri da South Dakota, jihohin da majalisunsu suka shafe shekaru suna ƙi.

Nan ne tushen rikicin. Ɗan majalisar da aka shata wa mazaɓar da ba zai faɗi ba, tsoronsa zaɓen fid da gwani ne, ba ra'ayin jihar baki ɗaya ba. Ƙuri'ar raba gardama kuwa ba ta san iyakar mazaɓa ba. Don haka bayan an ƙirga ƙuri'a sai a shiga zagaye na biyu. A 2018 kusan kashi 65 na mutanen Florida sun mayar wa waɗanda suka gama zaman kaso 'yancin zaɓe, mutum kimanin miliyan 1.4, a 2019 majalisa ta ce gama hukunci ya haɗa da biyan duk tara da kuɗin kotu, abin da ya bar da yawansu a waje. A Maine Gwamna Paul LePage ya ƙi aiwatar da faɗaɗa Medicaid na 2017 har ya sauka, sai Janet Mills ta aiwatar a Janairu 2019. Majalisar Missouri ta ƙi ware wa faɗaɗa Medicaid na jiharta kuɗi a 2021 sai da kotun ƙolin jihar ta sa baki. A Michigan a 2018 majalisa ta karɓi dokokin albashi da hutun rashin lafiya da jama'a suka tara wa sa hannu, ta amince da su don kada su je zaɓe, bayan zaɓe ta rage musu ƙarfi. Kotun ƙolin jihar ta ce hakan ya saɓa tsarin mulki, amma sai a Yuli 2024, bayan kusan shekara shida.

Masu son ƙara tsaurara ƙa'ida ba su rasa hujja ba. Tsarin mulkin Florida yana ɗauke da sashe kan girman kejin aladu masu ciki tun 2002, kuma da shi aka yi kamfen ɗin kashi 60. A Kalifoniya gyaran 1978 ya daskarar da harajin gidaje a kashi 1 na ƙimarsu, na 1988 kuma ya keɓe wa makarantu kimanin kashi 40 na babban asusun jiha. Jama'a sun rage kuɗin shiga da hannu ɗaya sun ƙayyade kashewa da ɗayan, suka bar wa majalisa ciwon kai. Kuma ba jam'iyya ɗaya ke wasa da ƙofar ba. A Yuni 2024 Gwamna Gavin Newsom da majalisar Democrat suka sa kotun ƙolin Kalifoniya ta cire wata shawarar taƙaita haraji daga takardar zaɓe bayan ta cika sa hannu. A Nuwamba 2025 kuma suka nemi jama'a su jingine taswirar hukumar shata mazaɓu mai zaman kanta, wadda jama'ar da kansu suka kafa, don rama sake shata mazaɓu da Texas ta yi domin fifita 'yan Republican. Aka amince da rinjaye mai yawa.

Zaɓen tsakiyar wa'adi na 3 ga Nuwamba 2026, mai kujerun gwamna 36, ya zo da wannan faɗa a fili. Nevada, wadda ke bukatar a amince da gyaran jama'a a manyan zaɓuka biyu a jere, tana da zagaye na biyu kan zubar da ciki da kuma nuna katin shaida a rumfar zaɓe. Majalisun South Dakota da North Dakota sun miƙa wa jama'a shawarar kashi 60. Florida ta yi doka a 2025 da ta hana wanda ba mazaunin jihar ba tara sa hannu, ta rage wa'adin miƙa takardun da aka cike daga kwana 30 zuwa 10, ta kuma mai da riƙe fiye da 25 ba tare da rajista ba babban laifi. Majalisar Missouri ta dawo da batun zubar da ciki don warware gyaran 2024, ta haɗa shi da haramcin sauya jinsi ga yara, wanda dama akwai doka a kansa. Ta kuma kawo wata shawara: gyaran da jama'a suka kawo ba zai wuce ba sai ya yi rinjaye a kowace ɗaya daga mazaɓun majalisar wakilai takwas na jihar. Ƙarƙashin wannan ƙa'ida mazaɓa guda na iya kayar da abin da sauran bakwai suka so. Gyare-gyaren da majalisa ke kawowa da kanta ba su cikin sharaɗin, har da wannan ɗin, wanda rinjayen ƙuri'a ɗaya a faɗin jihar ya ishe shi zama doka.